Uban Ciyawa Ya Tsare Lambu

Idan ana lissafa mutanen da suka sadaukar da rayuwarsu ga tsirrai, dole a fara da Uban Ciyawa, shugaban ƙungiyar sa-kai mai kula da lambun shaƙatawa na unguwa. Gaskiya ne bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ba wanda ya kai shi iya nuna wa mai fartanya inda zai sara. Tsohon jami'in kan iyaka ne. Ya yi ritaya da tumbinsa da usur ɗinsa, kuma shekarun da ya kwashe yana ce wa mutane "koma baya" ba su tafi a banza ba.

Ƙaramar hukuma ce ta miƙa wa ƙungiyar filin. Ita za ta ba da ruwa da taki, su kuma su yi aikin. Idan shekara ta zagayo aka ga jama'a na amfana, lambu ya zauna. In ba haka ba, direbobin motocin haya sun daɗe suna neman inda za a yi musu tasha.

'Yan ƙungiya suka duƙufa. Wani tela yakan rufe shagonsa ya zo ban-ruwa, wata tsohuwar malamar makaranta ta yi ta dashen furanni har bayanta ya riƙe. Shi ma Uban Ciyawa bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya sa an ɗinka masa koriyar hula.

Da ciyawa ta fito shar, sai ƙaunarta ta kama bawan Allah. Ranar da ya ga yara sun shigo da ƙwallo, ji ya yi kamar an hau masa gado da takalmi. Ya busa usur, aka hana ƙwallo. Ya lura tsofaffin da ke hira a inuwa suna goge ciyawa da duga-dugansu, sai ya sa aka kwashe bencina zuwa sito, wai kada rana ta lalata su. Wata jaririya ta tsinke fure, aka hana masu goyo. Ya so ya haɗa da tsuntsaye, sai dai su ba sa jin usur.

Daga nan ya sayo kwaɗo, ya tara mutane a bakin ƙofa ya yi musu jawabi.

"Jama'a, wannan lambu naku ne. Kuma saboda naku ne ba zan zuba ido ku lalata shi ba. Mai son shaƙatawa ya tsaya ta bayan wayar shinge ya kalla iya son ransa, ban hana kowa kallo ba."

Malama ta ce, "Ranka ya daɗe, ai don mutane muka shuka."

Ya ce, "Malama, ke fure kika sani. Ni mutane na sani."

Shekara ta zagayo, hukuma ta turo jami'arta. Uban Ciyawa ya buɗe mata kwaɗo da hannunsa mai albarka, ya zagaya da ita, yana tuna mata ta riƙa duba inda take sa ƙafa. Ta yaba furanni, ta yaba tsabta. Sannan ta waiwaya hagu da dama, ta tambaya ina jama'a.

Nan fa aka zo inda yake jira. Ya gyara tsayuwa, ya turo ƙirji.

"Ranki ya daɗe, wata da watanni ba ƙafar da ta taka wurin nan. Ko jikana ban bari ba. Ki rubuta, ki ce ni na faɗa."

Ta kuwa rubuta.

Ba a daɗe ba ta dawo da hukunci, ta karanta wa 'yan ƙungiya a bakin ƙofar: tunda shugaba da bakinsa ya tabbatar ba mai amfani da wurin, an ba direbobi. Malama ta dafa waya tana kallon furanninta, hawaye na zuba, abin gwanin ban tausayi. Tela ya ajiye bokitinsa ya tafi, bai yi wa kowa sallama ba.

Uban Ciyawa ya sunkuyar da kai, har wasu suka fara cewa ashe mutumin yana da kunya. Da jami'ar ta nufi motarta, sai ya bi ta da sassarfa, ya duƙa ta taga, ya rage murya.

"Ranki ya daɗe, ita wannan tashar, an naɗa mata shugaba kuwa?"