Ruwan da Kwamiti ya umarta ya hau tudu

Ranar Talata na sauko zan sayo burodi, sai ga Mesye Fernand na hawa na huɗu tsaye cikin falonsa, ƙofa a buɗe, lema a kansa. Cikin watan Agusta fa, jama'a, rabonmu da ruwan sama sati shida.

"Kai mai digiri," in ji shi, "hau ka gaya wa Madam Solange silin ɗina yana kuka. Shekara talatin ina tuƙa jirgin ƙasa ban taɓa jiƙewa a bakin aiki ba, sai yanzu a kan kujerata."

Madam Solange shekarunta tamanin da uku, tana hawa na biyar, kwano ne kawai tsakaninta da rana. Likita ya gaya mata ƙarara: da irin zuciyarta, in ɗakin ya yi zafi, a motar asibiti za ta sauko. Na same ta ta kashe esi, na'urar sanyaya ɗakin, don ruwanta ne ke tsiyaya ta silin Fernand, tana fifita da ambulan ɗin wasiƙa, ma'aunin zafi na bango yana nuna talatin da takwas.

"Madam, kunna esin nan."

"In kunna in nutsar da Fernand? Mutumin da ko iyo bai iya ba? Bari, ɗana, haka muka saba."

Wannan "haka muka saba" ita ke tafasa mini jini a garin nan. Da ita muke jure komai, har mu yi wa abin godiya.

Na naɗe hannun riga. Na zare ragar da ke tace ƙura, tsaf take. Na leƙa tiren da ruwa ke taruwa, babu tsaga. Na hura tiyon da ke fitar da ruwan, iska ta wuce. Sai na bi tiyon da ido. Ya fito daga esin, ya hau, ya ƙara hawa, ya shige wani rami da ya ɗara esin tsayi da taki guda.

"Wa ya huda nan?"

"Mai sakawa. Ya ce nan kaɗai Kwamiti ya yarda, don ramin ya ɓuya bayan adon dutsen da ke waje, kada a gan shi daga titi."

Kun dai san Kwamitinmu na Kare Fuskar Unguwa, Allah ya ja zamaninsu. Mutum tara, kowa da tabarau, suka yi zama uku suka yanke cewa a unguwarmu ruwa tudu zai riƙa hawa. Hukunci mai kyau ƙwarai. Ruwan ne kawai aka manta ba a aika wa takardar ba.

Na tafi ofishinsu a fusace. Na tarar da shugabansu, Mai Girma Majiɓincin Duwatsu, a ɗaki mai sanyi kamar cikin firji. Nasu tiyon, na lura, ƙasa yake kallo.

"Sabon rami sai da fom," in ji shi. "Kwamiti yana hutu, zai zauna ƙarshen Satumba."

"Ranka ya daɗe, a Satumba ai zafin ya tafi. Ina tsoron kada ya tafi da matar."

"Saurayi, dutsen nan shekara ɗari biyu yana haƙuri."

"Shi dutsen ba ya shan maganin zuciya."

Ya rubuta wani abu. Ina jin sunana ne.

Na koma hawa na biyar da na'urar huda bango a hannu, ina lissafa wa Madam yadda za mu huda, a kama mu, unguwa ta tashi.

"Zauna ka ci kek, kana ta huci kamar butar shayi," in ji ta. "Duk karatun nan ba ka ce mini rami kawai kake nema ba? Ja kabad ɗin can."

Na ja. Ƙarƙashin taga, dab da ƙasa, ga rami a dutse an cusa masa tsumma. Nan mahaifiyarta ke zubar da ruwan wanke-wanke, ya bi ta bakin dutse ya faɗa indararo.

"Babana ya toshe shi shekarar da aka jawo mana famfo."

Na zare tsumman, na sauko da tiyon, na kunna. Ruwa ya gangara abinsa ba tare da neman izinin kowa ba. Kafin mu cinye kek ɗin, ma'auni ya sauka ashirin da biyar, Madam ta yafa mayafi tana cewa zan kashe ta da mura.

Ranar Juma'a Mai Girma ya hawo da kansa, don wani ya kai rahoton ɗiga. Ya durƙusa gaban ramin, ya daɗe, har ya cire tabarau.

"Magudana ta asali! Kuma tana aiki! Madam, daga yau doka ta hana a sake toshe ta."

"To, Mesye," in ji ta, "tunda ka matsa."

Yanzu Kwamiti yana son manna allon tarihi a wurin, da sunayen mambobi tara da suka gano ramin. Allon yana buƙatar ƙusa huɗu a bango. Sun cika fom, sun miƙa wa kansu. Na ji an ce da wuya su samu.