Waken Inna Hamsatu

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar Asabar ɗin da na ja matata har rumfar Inna Hamsatu don ta ga gaskiyata da idonta. Gaskiyar kam ta gani, amma ni na dawo gida ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a unguwar Talladjé ta birnin Yamai, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da son nama. A Dogondutsi na tashi, a gidan da in aka yanka akuya ni ake fara ɓoye wa hanta. To, wata rana babban yatsan ƙafata ya kumbura ya yi suntum, ko zanen rufa ya taɓa shi sai na yi ƙara. Likita ya duba jinina ya ce in yi sallama da nama da kayan ciki da romo, in kuma riƙa tafiya a ƙasa. Matata Rifkatu ma'aikaciyar jinya ce, tana tsaye a wurin. Ta yi wata ƴar dariya ta ce, "Shi ɗin? Ko sati ba zai yi ba."

Dariyar nan ta tsaya mini a rai. Na ɗaga hannu a gaban likita na ce nama da bakina sun rabu ke nan. Na ajiye moto, wato babur ɗina, a ɗaki, na fara takawa zuwa lakwal, ina ɗingishi amma kaina a sama.

Da yake Rifkatu tana sammakon haye gada zuwa wurin aikinta a Kirkissoye, karin kumallona a rumfar Inna Hamsatu nake yi. Wata dattijuwar Bazabarma ce, tana da rumfar kwano da benci biyu a bakin layinmu, tana sayar da shinkafa da wake, da dambu, da kwaɗon zogalen nan da Zabarmawa ke kira kopto. Ranar farko na zauna na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Inna, daga yau ban da nama. Wake da kopto kawai."

Ta dubi fuskata, ta dubi ƙafafuna da suka yi futu-futu da ƙasa, ta leƙa waje ba ta ga moto ba. Sai ta ce a hankali, "To, Malam. Allah shi kawo sauƙi." (Ni kuwa na ɗauka ƙafata take yi wa addu'a, alhali ko maganar ciwon ban yi mata ba. Girman kai ya hana ni in ce likita ne ya hana ni, na fi so a ce ra'ayina ne.)

Abin mamaki, waken nan kullum sai ƙara daɗi yake. Miyar ta yi kauri, ga wani ƙamshi mai tsinka yawu. Ni kuma da halin malanta, sai na mayar da bencin aji. Na yi wa direbobin taksi bayani, na yi wa Garba mahauci, wanda ke karyawa kusa da ni, lacca a kan illar sana'arsa. Ina cewa, "Ku dube ni! Me nama ya fi wake da shi?" Su kuwa sai su sunkuyar da kai su ce, "Gaskiya ne, Malam, haƙuri dai." Na riƙa ganin kaina babban mai wa'azi.

Matsala ɗaya ce: yatsan ya ƙi sacewa. Rifkatu ta fara shinshina aljihun rigata tana neman warin kilishi. Ran nan ta fito fili ta ce, "Jini ba ya ƙarya. Kana ci a ɓoye." Wannan magana ta yi mini zafi fiye da ƙafar. Tun da muka yi aure ba ta taɓa kirana maƙaryaci ba, sai yanzu da nake wuce mai tsire ina toshe hanci kamar mai sabon ciki. Na ce mata ta shirya, gobe za ta ji daga bakin shaidu.

Muka isa rumfar ta cika maƙil. Na zaunar da ita, na gyara murya na ce, "Inna, ga Madam. Don Allah gaya mata, tun da na ce na bar nama, kin taɓa ganin na ci ko tsoka ɗaya?"

Inna Hamsatu ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zane, ta kama hannun Rifkatu da tausayi.

"Madam, kar ki damu, mun san halin da kuke ciki. Namiji shi saida moto, shi bar nama, ai ba sai an tambaya ba. Amma wallahi ba mu bar mijinki da yunwa ba. Garba kullum yana kawo hanta da tumbi, ni kuma in daka su lilis in zuba cikin miyarshi, don kar shi ji kunya. Romon ƙashi ma nashi daban nike ajewa."

Garba ya ɗaga hannu yana murmushin mai aikin lada. "Ba komi, Malam. Kai ka karantar da ɗiyanmu."

Cokali na hannuna, miyar na ɗiga a wandona. Wato duk laccar da nake zuba wa mahauci a kan sharrin nama, da hantarsa a bakina nake yi. Na juya wajen Rifkatu ina jiran ta ba ni haƙuri, sai na ga kafaɗunta na rawa, ta cusa gyale a baki, hawaye na zuba. Da ƙyar ta iya cewa, "Na yarda, ba ka yi ƙarya ba. Amma ka sa duk unguwa na ganin na kasa ciyar da kai."

Raina ya ce in tashi in gudu, ƙafar ma ba za ta bari ba. Sai na miƙe na cire takalmi, na ɗora yatsan a kan benci kowa ya gani, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar farko. Inna ta riƙe baki tana salati. Garba ya ce, "Ashe kashe ka muke yi da alheri!"

Washegari na koma, don ban ga dalilin da kunya za ta raba ni da abincin safe ba. Na tsaya a kan tukunya aka zuba mini wake da mai da yaji, da kopto a gefe. Gaskiya bai kai na da daɗi ba, ko kusa. Na cinye tas, na ci gaba da ci, yatsan ya sace, Rifkatu ta daina bincikar aljihuna.

Abin da na koya shi ne, in za ka bar nama a Yamai, ka faɗi ciwonka tun kafin maƙwabta su yanke maka talauci. Kuma duk ranar da ka ga kana wa'azi mahauci na gyaɗa kai yana ba ka haƙuri, ka ajiye cokali ka leƙa tukunya.