Fure Ba Shinkafa Ba Ne

"Lahiya lau, lahiya lau. Ya yara? Ya maigida, har yanzu shina haƙuri da ke?"

"Shina gode ma Allah kullum da yas same ni. Kai ko mi yak koro ka daga laka da hantsin ga?"

Albashir ke nan, manomin shinkafa daga Ambursa, ya faɗo gidan Kulsumi a Nasarawa ta Birnin Kebbi. Taubasai ne, mahaifiyarsa Rahma yayar mahaifin Kulsumi ce, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa suka rabu ba a yi wa wani tsiya ba. Wata biyu da suka wuce aka sare itacen furen da marigayiya kakarsu Sharifa ta dasa a gidansu na gado da ke Argungu, don za a ja ɗaki a wurin. Furen nan ne fari mai rawaya a tsaka, mai ƙamshi, wanda in an karya reshensa yake fid da ruwa kamar nono, 'yan boko na ce masa faranjifani. Ranar saran kowannensu ya kwashi rassa huɗu. Duk wanda ya san Albashir ya san ba ya barin gona ranar Laraba a banza, balle a gan shi da ledar busasshen kifi a hannu.

"Zumunci niz zo," in ji shi.

"Zumunci da kihi? Kai da ko ƙaya ba ka taɓa ba ni ba. Kuma ga ni nan gabanka, mi idonka ka nema bayan randa?"

Bayan randar kuwa tsoffin bokitan fenti ne guda biyu, kowanne da sanda a tsaye, ta fid da ganye shar a kai.

"Wagga ciyawa taki nika kallo. Rama ta?"

"Rama ta. Ina naka huɗun? An ce min ka hwaɗi a majalisa sun wuce ka tsawo."

"Sun wuce. Ƙamshinsu har Augie anka ji shi. Masunta sun kawo ƙara, wai kihi ya bar gulbi ya biyo ƙamshin."

"Allah sarki. Ƙarya hure take, ba ta ɗiya. Taka ko huren ba ta yi ba. Hwaɗa min yadda kay yi da su."

"Yadda duk mai hankali ka yi. Ina isa gida nit tsoma su bokiti sunka kwan. Da sahe nik kai su hwadama, inda laka ta hi taushi, dab da bakin injin ban ruwa. Sahe ruwa, marece ruwa. Har takin buhu na zuba musu, wanda shinkahwata ba ta samu ba."

"Innalillahi! Ka dasa su ko ka koya musu iyo?"

"Ke, ki raba ni. Wane irin icce na za a ba shi ruwa ya ruɓe? Na taɓa gindin, yatsana yas shige kamar ruɓaɓɓar albasa. Butulci na kawai."

Kulsumi ta yi dariya har da riƙe ciki, shi kuwa ya tsuke fuska.

"Dariyar mi kika yi? Ke ma ba gwaninta kiy yi ba. Labari ya ishe ni, bayan madahi kiw watsar da naki kim mance, sati biyu cur."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Mantuwa ce zalla, sai daga baya ta tuna haka kakar tasu take yi. Amma ko za a yanka Kulsumi ba za ta amsa wannan a gaban Albashir ba.

"Mantuwa ko dabara, ga ganye. Reshen ga sai ya sha iska a inuwa, nonon ya ƙahe, bakin ya bushe, kahin a soka shi cikin rairai. Ruwa kohi guda, sai ƙasa ta bushe a ƙara."

"Kohi guda? Wagga ai rowa ta. Shi yas sa yay yarda da ke, marowata sun san juna."

"Marowaci wanda yat taho da kihi ukku, biyu babu kai?"

"Mage ta riga ki, ita ma dangin ubanki ta."

Ya faɗa ya yi 'yar dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Ya zauna bakin tabarma yana murza hula a hannu.

"Kulsumi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inna ta. Tun da yanar ido tar ruhe mata gani, kullum sai ta tambaye ni iccen ga. Ta ce shi kaɗai yar rage mata na gidan uwatta. Ni ko nic ce mata sun tsira, sun yi ganye. To jiya ta ce ran Juma'a in kai ta ta shahwa ganyen da hannunta."

Maganar ta taɓa Kulsumi sosai, don Goggo Rahma ce ta goye ta har ta yi wayo. Sai dai taubashiya ba ta sakin farauta don ta ga hawaye.

"To ka roƙa. Durƙusa, ka ce ni ta sarkin noma."

"Ni? Mai kadada bakwai?"

"Mai kadada bakwai da gawa huɗu."

Ya dubi ƙofa, ya dubi bokitan, ya tattara riga ya kai gwiwa ƙasa.

"Durƙusa ma wada ba gajiyawa ba na. Ke ta sarkin noma."

"Da ƙarhi, maƙwabta ba su ji ba."

"Ke ta sarkin noma! Allah ya isa!"

Ta tashi ta ɗauko bokitin da ya fi yawan ganye, ta ajiye a gabansa a hankali.

"Tashi, bawan Allah. Huɗu nis soka, biyu sunka rayu, kuma tun randa sunka hid da ganye nic ce babban na Goggo na. Ko ba ka zo ba, gobe nika kai mata."

"To don mi kib bar ni nid durƙusa?"

"Shekara talatin nika jiran wagga rana."

Albashir ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya sa hula ya share ido. Ya ɗauki bokitin da hannu biyu, ya ƙi yarda ta taya shi har bakin babur ɗin da ya zo da shi.

"Na yarda, kin ci. Samo min tsumma ki ɗaure shi da kyau, Kulsumi. Sannu zan tahi."