Rasuwar Safayar Motoci Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu maiƙo bai gama fita ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar safaya, wato tayar ko-ta-kwana ta motata a-kori-kura, wadda ta cika ranar Talata da safe a gefen titi, tsakanin gidan ƙanƙara da kasuwar kifi. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya, bayan gajeriyar jinyar da ba ta wuce taku ashirin ba.

Marigayiyar mai kawaici ce. Tun da ta zo hannuna ba ta taɓa shan ƙusa ba, ba a kuma taɓa ganinta a gaban mai faci ba. 'Yan baƙin ciki za su ce ai don ba ta taɓa taka kwalta ba ne. Gaskiya ne, amma yau ba ranar wannan maganar ba ce.

Rayuwarta kaf a hidimar jama'a ta ƙare. Mu bakwai ne masu a-kori-kura a tasharmu, safaya kuwa ita kaɗai ce. A bakin gari akwai ma'aikatan duba motoci, ba sa barin kowa ya wuce sai sun ga safaya da idonsu. Don haka da asuba tana bayan motata muna kai ƙanƙara, da hantsi tana motar Dogo mai yashi, da la'asar kuma sai wanda ya riga ɗauka. Duk wanda zai dawo da ita sai ya goge ta da baƙin mai ta yi sheƙi kamar sabuwa. Iska kuwa, kowa ya ɗauka wani ne ke ba ta. In ma'aikaci ya zo sai ya ɗan buga mata takalmi, ta ce "dum", ya ɗaga mana hannu. Kalmar da ta iya ke nan, kuma da ita ta rufa wa gidaje bakwai asiri.

Ga yadda ajali ya zo. Uwar ɗakina mai kifi, wadda na shekara tara ina kai wa ƙanƙara kowace safiya, ta riga ta ja mini kunne, don sau biyu na makara a wannan watan. "Ɗan nan," in ji ta, "ni ina da haƙuri, kifi ne ba shi da shi. In ka yi na uku, kada ma ka wahalar da kanka da zuwa." Ranar Talata sai tayar baya ta hagu ta taka ƙusa. Ko a jikina. Na sauko da marigayiya ina fito, na ɗaga jak, na ɗaure noti, na ce yau ranarki ce. Ashe ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Mun ɗan gusa ke nan sai ta ce "fiiiis", a hankali, cikin ladabi kamar yadda ta rayu. Gefenta ya tsage, ta zauna.

Na shiga kiran abokan sana'ata ɗaya bayan ɗaya ko wani zai kawo mini safaya. Sai da na kai kan na huɗu na tuna cewa safayarsu ce kwance a gabana. Rana na ɗagawa, ruwa na zuba daga bayan mota.

Mai faci da ya zo ya duba ta bai yi mana kara ba. "Maigida, wannan ai ta kai shekara huɗu da cikawa. Gawa kuke ta yi wa kwalliya. Wa ya ce muku roba na shan baƙin mai?"

Ɗaya daga cikinmu, wanda muke kira Ba-Birki, shi ya zo ya kwashe abin da ya rage na ƙanƙara ya kai kasuwa. Allah ya saka masa. Uwar ɗakina ta yaba da saurinsa ƙwarai. Ranar Laraba ma shi ya kai, haka Alhamis. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ta rasu ta bar 'yan uwa huɗu, dukkansu masu sanƙo, ɗaya na kwance wajen mai faci. Ta bar jak mai ciwon baya, da sifana, da direbobi marayu waɗanda tun ranar suke zagayawa ta cikin gonakin mutane don kada ma'aikata su gan su.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bayan gidana, inda maiɗakina ta yanke hukuncin a raba ta biyu a riƙa zuba wa kaji ruwa. Ba-Birki ya aiko da uzuri, yana da aikin safe. Masu zuwa ta'aziyya kuwa kada su damu da lokaci. Ko da asuba kuka zo, za ku same ni a gida.