Sarkin Tsutsa da Karen Kyauta

A duk faɗin Lhasa, daga kasuwar Barkhor har bakin kogi, babu mutum mai daraja kamar Rabgye. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma mai daraja ba ya ƙarya. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, saboda haka tun da sassafe nake fara jin darajar, lokacin da yake kakin majina da muryar manya.

Sana'arsa sayen tsutsar magani ce, wadda makiyaya ke tonowa a kan tsaunuka. Tsutsa ta yi masa riga da wando, har da hular gashin dila. Ya sa haƙoran zinare biyu, ya koyi dariya da gefen baki ɗaya don su riƙa shan iska. A falonsa ya ɗora katifun zama uku, ɗaya kan ɗaya, tunda a garin nan tudun mazauninka shi ne tudun girmanka. Baƙo kuwa katifa ɗaya ce rabonsa, ita ma ta sha duniya.

Abu ɗaya ya hana bawan nan sakat. So yake a kira shi Kungo, yadda ake kiran 'ya'yan manyan gidaje na da. Mu kuwa a gidan shayi Sarkin Tsutsa muke ce masa. In yana wurin mu ce Rabgye-la, shi ma "la" ɗin na girmamawa muna haɗiye rabinsa.

Da ya zurfafa bincike, sai ya gano abin da ya rage masa. Kowane babban gida yana da apso, ɗan karen nan da gashinsa ke share ƙasa. Matsalar ita ce apso ba a sayensa, sai dai wani babba ya ga ka isa ya ba ka kyauta. Rabgye ya jira. Ya yi ta zancen karnuka a gaban manya har yawunsa ya ƙafe, babu wanda ya ba shi ko ƙuma. Daga ƙarshe ya haɗu da wani direban babbar mota a bayan tasha, ya dawo gida da buhu yana motsi. Na gan shi ta kan katanga.

Washegari ya tsaya a tsakiyar gidan shayi ya gyara hula.

"Jama'a, ni ban roƙa ba, kun san halina. Wani babban lama ne, shehin malamin addini, can bayan duwatsu, ba zan kama sunansa ba don ba ya son talla, ya yi mafarki da ni. Ya ce maza a kai wa Rabgye wannan kare, duk Lhasa shi kaɗai ya isa. To ya zan yi? In mayar?"

Daga nan aka shiga sanin juna. Rabgye ya ce zo, kare ya tafi. Ya ce zauna, kare ya haye gadonsa. Ya ba shi tuwon tsampa, kare ya dube shi kamar ya zage shi, sai da aka yanko busasshen naman yak, saniyar tsauni, ya yarda ya buɗe baki. Gashin kuwa in ba a taje shi kullum ba sai ya dunƙule kamar tsohuwar tsintsiya. Matarsa, Acha Lakyi, ta ce ita ba ta yi mafarki da kowa ba, wanda aka yi mafarki da shi ya ɗauki mataji.

Duk da haka ya shirya walima, ya gayyato Mola Yudron. Tsohuwa ce 'yar babban gida, ba ta da komai yanzu sai carbi da kaifin harshe, amma in ta kira mutum Kungo sau ɗaya, Barkhor duka za ta bi. An dafa momo tuli, wato ƙullin fulawa mai nama a ciki, an kaɗa shayin man shanu, muka cika falo. Rabgye ya hau katifunsa uku, aka ajiye kare a gabansa a kan darduma, gashi ya zubo ta ko'ina, ba ido ba ƙafa.

Ya ɗauko farin ƙyallen girmamawa ya rataya masa a wuya, ya fara jawabi.

"Ku dubi goshin nan. Goshin manya ke nan, ni na san shi don irin nawa ne. Ku dubi gemun. A ƙarƙashin gashin nan akwai idanu biyu da ke karanta zuciyar mutum. Ga shi ma yana kallona, ya san da wa yake tare."

Sai goshin ya fara kaɗawa hagu da dama kamar wutsiya. Can ɗaya ɓangaren kuma, wanda ke fuskantar ƙofa, aka yi atishawa.

Wani ya shaƙe da shayi. Ni kaina na cusa hannun riga a baki. Da wani ne da ya yi dariya tare da mu, magana ta wuce. Amma girman kai rawanin tsiya ne, Rabgye bai taɓa yin kuskure ba, ba kuma ranar zai fara ba.

"Jahilci!" ya ce. "Ku a tunaninku wannan irin karnukanku ne? Ran wani tsohon lama ne ya dawo a jikinsa, haka aka aiko mini. Mai irin wannan matsayi ba shi da gaba ba shi da baya. Duk inda ka tsaya, fuska ce."

Mola Yudron ta ajiye kofinta, ta dafa sanda ta miƙe, ta haɗa tafukan hannu ta sunkuya wa kare. Ta ɗago ta dubi Rabgye daga ƙasa har sama.

"Ashe haka ne, ɗana? To kai kuma me kake yi a can sama, lama yana ƙasa?"

Na rantse na ga wani abu yana wasa a gefen bakinta. Amma wa zai ce tsohuwa ta yi kuskure? Rabgye ya sauko daga kan katifa uku a gaban jama'a, ya ɗauki kare da hannu biyu ya ɗora a mazauninsa. Kare ya zagaya sau biyu ya kwanta, kamar dama gadon ubansa ne. Sarkin Tsutsa ya zauna a ƙasa kusa da ni, har gwiwarsa na gugar tawa.

Kafin mako labari ya haye duwatsu. Mutanen karkara da suka zo ziyarar ibada suka fara biyowa ta gidan, da man shanu da fararen ƙyallaye. Kare yana karɓar kowa cikin natsuwa, mutum ɗaya kawai yake yi wa haushi, shi ne mai hular dila, sai da ya daina sa hular a cikin gidansa. Ciniki ya tsaya, don safiya ta taje gashi ce, yamma ta tarbar baƙi. In ya faɗi gaskiya, a ce ya sayi apso a bayan tasha ya yi wa lama ƙarya. In ya yi shiru, ya ci gaba da zama a ƙasa. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa. Har tausayi ya ba ni ranar da na ji yana tambayar Mola Yudron a hankali wai shekara nawa irinsu suke yi, ta ce nata ya kusa ashirin, wannan kuwa ko haƙoransa ba su gama fitowa ba.

Jiya da hantsi ina ƙofar gida wani makiyayi ya iso, ƙura har gira. Ya tarar da Rabgye a bakin ƙofa da mataji a hannu, ya cire hula ya rusuna.

"Don girmanka, Kungo yana ciki?"

Na ga ƙirjin maƙwabcina ya taso. Ya ɓoye mataji a baya, ya saki haƙoran zinare duka biyu.

"A gabansa kake tsaye, bawan kirki."

Makiyayin ya leƙa bayansa, ya leƙa tsakanin ƙafafunsa, sannan ya yi dariya.

"Kai baba, ka iya wasa. Mai ƙafa huɗun nake nufi. Ungo riƙe mini takalmina, kar a sace."