Yadda Za Ka Kai Surukinka Hamada Alhali Ba Ka Taɓa Hawan Raƙumi Ba

In ka bi matakan nan a jere, na ba ka tabbacin za ka kwana a hamada da surukinka, ka dawo gida da aurenka da mafi yawan mutuncinka. Ni na gwada. Tela ne ni, kuma kafin wannan tafiya a jikin kalanda kaɗai na san raƙumi.

Mataki na 1: Ka yi ƙaryar tun da wuri

Ranar da ka je gaisuwar farko, za ka tarar da hoton ayarin raƙuma a bangon falo. Uban yarinyar, tsohon ma'aikacin gidan waya, zai ce maka yana saurayi ya ratsa hamada a kan raƙumi kwana arba'in. Kada ka yi shiru irin na masu hankali. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Ai mu ma, Baba, a kan raƙumi muka tashi."

Zai daɗe yana kallonka. Bayan wata uku zai ba ka 'yarsa.

Mataki na 2: Kada ka kwanta ciwon ƙarya

Shekara tara za su wuce lafiya. Sai wata rana matarka ta dawo daga raka shi asibiti, ta zauna bakin gado ba ta cire mayafi ba.

"Likita ya ce idon Baba ba zai kai baɗi ba," za ta ce. "Ina so ya sake ganin hamadar nan tun yana gani. Na samu masu kai mutane, kwana ɗaya a tanti. Baba ya ce ba ya zuwa sai da kai, kai ka san kan dabbobin."

A nan zazzaɓi zai zo maka a rai. Ka kore shi. Ɗaki ɗaya kuke kwana, ta san ɗumin jikinka.

Mataki na 3: Ka sayi rawani

Mai tsawo, wanda zai rufe komai sai ido. Masana sun ce yana tare yashi. Babban aikinsa shi ne ɓoye fuskar mai tsoro.

Mataki na 4: Hawa

Mota za ta sauke ku inda titi ya ƙare. Madugu, wato mai raƙuman, zai gurfanar da guda uku. Baba zai dafa gwiwa ya ce yau sanyin ƙashi ya motsa, shi a motar kaya zai bi.

"Ka fara hawa, ɗana, in ga irin hawan garinku."

Ka sani raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Ba wanda zai gaya maka. Za ka tafi gaba kamar buhun da aka tura daga mota, ka rungume wuyansa, ka kira sunan mahaifiyarka. Idan ya gama miƙewa, ka gyara rawani ka ce gaisawa kuka yi.

Madugu zai dube ka, ya dubi raƙuminsa, ya ƙara riƙe akala. Matarka kuwa tuni ta yi gaba a kan nata, tana cin gyaɗa.

Mataki na 5: A zango, ka yi abin da ka iya

Bayan awa huɗu za ku sauka, ƙafafunka sun ƙi haɗuwa. Ka yi tafiyarka a haka, kamar da gangan kake yi.

Baba zai tambaye ka ta ina ake kafa ƙofar tanti. Ka nuna duk inda hannunka ya faɗa. Da la'asar iska za ta shigo ta nan, ta cika shayi da yashi, ta yage tantin daga sama har ƙasa. Kada ka tsaya bayani. Ka ciro allura da zare daga aljihu, ka zauna ka ɗinke shi kafin rana ta faɗi.

"Wannan hannun ya san aikinsa," in ji Madugu. Daga ƙarshe ka samu yabo na gaskiya, ka karɓa da sauri.

Mataki na 6: Idan ya kira ka gefe, ka je

Da safe matarka za ta kafe sai Baba ya hau, don saboda haka aka zo. Zai ce ka raka shi bayan tudun yashi tukuna. Can zai tsaya yana murza hularsa.

"Ɗana, ta wane gefe ake hawa?"

Ka juyo ka dube shi da kyau.

"Ban taɓa hawa ba," zai ce. "A motar wasiƙu na zo bakin hamada sau ɗaya, na sayi hoton a tasha, na koma. Na ba uwarsu labari don ta aure ni, labarin ya fi ƙarfina. Shekara tara ina gudun ka yi min tambaya. Na zo da kai ne in kwaikwaye ka."

Kana iya riƙe girmanka a nan, ramin bai rufta da kai ba tukuna. Ni ban iya ba. Na ce, "Baba, jiya ce ranata ta farko."

"Na yi zato," ya ce. "Amma na ce ko haka ake yi a garinku."

Mataki na 7: Ka koyar da ilimin kwana ɗaya

Ka riƙe masa ƙafa ya hau. Ka raɗa masa ya kwanta baya, ya damƙi sirdi, kada ya kira sunan kowa. Raƙumin zai tashi, tsohon zai yi gaba ya dawo, bai faɗi ba.

Daga can sama zai kare rana da tafin hannu, ya bi tuddan da ido ɗaya bayan ɗaya har inda ganinsa ya tsaya. Kada ka yi magana. Ka karɓi akalar a hannun Madugu ka ja a ƙasa, a hankali.

"Ashe haka take," zai ce. "Ban ma faɗi rabinta ba."

Matarka za ta matso da raƙuminta kusa da kai, tana goge ido da bakin mayafi.

"Mama ta gaya min sirrin Baba tun ina 'yar shekara goma," za ta ce a hankali. "Naka kuwa, yayarka ce ta gaya min, ranar da aka kai ni gidanka."

Ka ci gaba da jan akala.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ciwon cinya, yashi a kunne, ko dariyar Madugu bayan kun tafi. Haka nan, idan kun dawo gida tsohon ya ji daɗin tafiyar, ya fara ba jikoki labarin wani babban kogi da ya taɓa ratsawa da iyo, yana satar kallonka, kada ka neme ni. Ka kama bakinka, ka tashi ka kawo masa ruwa.