Rasuwar Lallaɓa a Tsakiyar Tudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ba na so in kira sunansa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, Lallaɓa, wadda na gada daga Baba. Ta cika ranar Talata da hantsi a tsakiyar tudun bayan kasuwa, bayan gajeriyar jinya ta kwana uku, wato daidai kwanakin da mijin yayata ya are ta.

Marigayiya ba ta da ƙarfin inji, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Shekara shida muna kai ƙwai kantuna, ko ɗaya ba ta fasa min ba. Abin da take so kawai, a tashe ta da lamba ɗaya, a kuma saurare ta. In ta ce "hmmm", a ba ta lamba biyu. In ta hango tudu ta ce "kur-kur-kur", a rage mata giya, sai ta haye abinta a hankali kamar tsohuwa za ta gaisuwa.

Duk wannan na faɗa wa mijin yayata sau biyu kafin in saki makulli. Ya yi dariya, wai lamba ɗaya ta 'yan koyo ce. Shi da lamba uku yake tashi, ƙafarsa kuma ba ta sauka daga kan kuloci, wai hutawa take yi. Ya loda mata siminti buhu goma sha biyu, ya tunkari tudun da lamba huɗu yana danna totur. Mai facin da ke wurin ya shaida cewa ta ce "garrr", wari ya tashi, ta ce "ƙas", shi ke nan. Bakanike ya zo ya leƙa, ya rufe bonet a hankali.

Ta rasu ta bar ni da kiret arba'in na ƙwai da ban san yadda zan kai su ba, da Inna da muke kaiwa asibiti duk Laraba, da tayar safaya ɗaya wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Mijin yayata ya zo ta'aziyya, ya ce dama ai ta tsufa. Na ce masa na gode, saboda Inna na zaune.

Gawar tana nan inda ta cika, an tokare ta da dutse. Za a kai ta makwancinta, wurin masu sayen tsohon ƙarfe da ke can saman tudun, ranar Asabar da ƙarfe ɗaya na rana. Ba za a kira motar ja ba. Yaya ta yi alkawari mijinta ne zai tura, shi kaɗai, tunda kowa ya san ƙarfin ƙafarsa. Simintinsa yana ciki, ban ce a sauke ba.

Ni zan riƙe sitiyari. Allah ya sani ba zan taka birki ba. Ƙafata kawai zan ɗan ɗora a kai, ta huta.